Yadda za a fahimci ƙarshen fim ɗin Rashomon

Yawancin waɗanda suka tattauna kan Rashomon, fim ɗin Akira Kurosawa na 1950, shawara ɗaya suka bayar: a daina wahalar neman wanda ya kashe samurai (jarumin yaƙi na Japan) ɗin da mutum huɗu suka ba da labarin mutuwarsa daban-daban. Ɗan fashi, matar samurai ɗin, mamacin da ya yi magana ta bakin 'yar bori, har mai saran itace, kowa ya gyara labarin ne don ya tsira da mutuncinsa. Wasu suka ce a sa ido kan wuƙar matar da ta ɓace, ita ce ta tona asirin mai itacen, wanda ake zargin shi ya sace ta.

Batun jaririn da aka yasar kuwa, wanda mai itacen ya ɗauka a ƙarshen fim ɗin da ruwan sama ya tsagaita, ra'ayi ya rabu: tuba ce, ko lallashin 'yan kallo? Ni dai na fi ganin tuba, don mutumin 'ya'ya shida gare shi a gida.