Na rage kilo tara amma gwiwata ta ƙi lafawa, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Shekarata 54. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce guringuntsin gwiwoyina biyu ya zaizaye, amosanin gaɓɓai ne, kuma ƙiba na ƙara masa wuta. Da ba haka nake ba. Bayan haihuwar autana jiki ya buɗe, aikina kuma na zama ne wuni guda, ga mahaifiyata ma da wannan ciwon ta tsufa, ni na yi jinyarta, na san ƙarshensa. Nauyina ya kai kilo 104, tsayina mita 1.6. Na takura wa kaina, sau ɗaya nake cin abinci a rana, yanzu ina 95. Amma wallahi ƙarfina sai raguwa yake yi. In zan tashi daga kujera sai na dafa tebur da hannu biyu, gwiwa na ƙas-ƙas. Cinyoyina sun saki, tumbi kuwa yana nan daram. Jikata ta miƙo hannu in ɗauke ta, na kasa. Me zan yi?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yunwar nan ce ta cuce ki. Sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka. Wanda ya rage nauyi da yunwa ba motsa jiki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zubar ba kitse ba ne, har da tsoka a ciki. Tsokar gaban cinya kuwa ita ke tallafe gwiwa, in ta zube sai gaɓar ta ɗauki duka. Ki ajiye sikeli ki auna ƙugunki. Ga mace, in ya wuce santimita 88 kitsen ciki ya yi yawa, shi kuma yana fitar da sinadarai masu hura kumburi. Shi ya sa masu ƙiba ke samun amosanin har a yatsun hannu, inda ba a ɗora nauyi.

Kawu: 'Yata, ki huta da ƙafar nan. Motsa jiki cinye guringuntsi yake yi. Maiɗakina an ce ba za a yi mata aikin canjin gwiwa ba sai awon ƙibarta na BMI ya sauko ƙasa da 40. Wadda ba ta iya tafiya ta yaya za ta rage? Allura suka yi mata, ta ji daɗi 'yan makonni, ciwo ya dawo. Mun gaji.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ba Inna lafiya, amma zama shi ke sandarar da gaɓa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, da motsi yake shan abincinsa daga ruwan gaɓa.

'Yar uwa: Ni diklofenak, maganin rage ciwo, nake sha kullum, shi ke sa in iya barci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowa ya gan ni sai ya ce "ki rage ci", har 'ya'yana. Anti, kina da hawan jini ko ciwon suga?

Mai tambaya: Yaya, likita ne ya ce in rage, na kuma rage. Motsa jiki da wace gwiwar? Matakala uku ma sai na tsaya.

Yaya Babba: Ban ce ki daina ragewa ba. Kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku, kuma rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki tare da motsa jiki ya fi kowanne shi kaɗai rage ciwo. Ki zauna ki miƙe ƙafa, ki riƙe, ki sauke. Ki tashi daga kujera ki koma a hankali. Ki ci abinci mai gina jiki sau uku, ki nemi likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓɓai. Ke kuma 'yar uwa, shan diklofenak kullum na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, ki tambayi likita ko zai ba ki irin na shafawa.

Mai tambaya: In na koma ci sau uku kilo taran nan za su dawo, na san jikina. Kawu, allurar da aka yi wa Inna, sau nawa ake iya yinta a shekara?