Kalmar "mainstay" da yadda ake amfani da ita

Mun tattauna da malaman Turanci kan kalmar "mainstay", kuma bakinsu ya zo ɗaya: ma'anarta ginshiƙi, abin da komai ya jingina a kansa. Asalinta daga jirgin ruwa ne. Tun ƙarni na 15 matuƙan Ingila ke kiran igiyar da ke riƙe babban turken filafilan jirgi da wannan suna. In ta tsinke cikin guguwa, turken na iya faɗuwa. A ƙarni na 18 aka fara aronta ga mutane da sana'o'i.

Sun ja kunne cewa "stay" ɗin nan igiya ce, kada a ɗauke ta da ma'anar zama. Kada kuma a kira taimakon kwana biyu da "mainstay", sai abin da aka daɗe ana dogaro da shi, kuma galibi "of" ke binta. Wajen fassara ni na fi son "jigo", don shi ma aro shi aka yi, daga itacen ɗiban ruwa na lambu.