Zakaran da ya karkace kai: fakat ne ko ciwon kunne?

Maman Biyu, Rikkos: Assalamu alaikum jama'a. Zakarana yau kwana huɗu yana karkata kai hagu, yana ta sosa wurin da ƙafa, in ya taka sai tangaɗi. Na ɗaga gashin bayan idonsa, na ga wani abu rawaya ya toshe wani ɗan rami, har da ɗan wari. Amma yana cin dusarsa, da asuba ma ya yi cara. Sauran kajin 11 lafiyarsu ƙalau. Maƙwabcina ya ce fakat ne, annobar nan ta kaji, in yanka tun bai shafa wa saura ba.

Baba na Gangare: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya gaya miki, 'yata. Kaza ta murɗe wuya cikin hunturun Jos, ai ba ta da wani suna sai fakat. Tun ba a haife ki ba nake kiwo. Sa wuƙa yau, kar gobe ki wayi gari kina kwasar mushe.

Ɗan Bukur: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ya fi kama da ciwon kunne.

Baba na Gangare: Kunne? Kaza kunne gare ta?

Ɗan Bukur: To da me take jin kukan shaho ta ruga ƙarƙashin rumbu? Ramin da Maman Biyu ta gani shi ne kunnen, ƙananan gashi ne suka rufe shi.

Malamin dabbobi: Baba bai yi laifi da ya ji tsoro ba, lokacin fakat ne. Sai dai fakat ba ta zama a jikin kaza ɗaya kwana huɗu tana kallon 11 suna kiwo. In ta shiga gida za ka ga koren zawo, numfashi da baki buɗe, kaji sun takure sun ƙi abinci, ana ta faɗuwa. Murɗewar wuya ma galibi daga baya take zuwa, ga waɗanda suka sha da ƙyar. Zakaran da ke cara yana cin dusa, ga toshiya a kunne ɗaya, ga kai ya karkata gefen nan, ni kunnen nake zargi. Ƙwayoyin cuta kan hau daga maƙogwaro in kaza ta yi mura, don akwai 'yar hanya tsakanin maƙogwaro da kunne. Wani lokaci kuma ƙwarin jiki ne ke cizonta, ta sosa har ta ji wa kanta rauni. Maman Biyu, ya yi mura kwanan baya?

Maman Biyu, Rikkos: Ya yi, Malam, har ido ɗaya ya kumbura.

Hajiya ta Unguwar Rogo: Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Ɗiga masa manja da ɗan kananzir, ki fasa kafso ja da yalo a ruwan shansu duka. Haka muke yi.

Malamin dabbobi: Hajiya, don Allah ban da kananzir, ƙona fatar yake. Kuma tunda har ya fara tangaɗi, ciwon ya wuce bakin rami ya shiga ciki, inda ke riƙe wa kaza daidaiton tsayuwa. In fatar dodon kunnen ta huje, duk abin da aka ɗiga can zai zarce. Ruwan ciwon kaza ba irin namu ba ne, daskarewa yake kamar awara, ba ya tsiyayewa da kansa. A jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a dasa a kai har ya yi laushi, a cire abin da ya fito baki kawai. Ban da tsinke, ban da ashana. A ware shi wuri mai ɗumi, abinci da ruwa kusa da shi. Na cikin kuwa sai likita ya gani ya zaɓi maganin da ya dace, a cika kwanakinsa. Sauran 11 da ba su da komai me ya haɗa su da kafso? Ga shi maganin kan fita a ƙwai, yara su ci.

Baba na Gangare: Likita saboda zakara ɗaya! Kuɗin mota da na magani ai sun sayi wani. A miya ya fi amfani.

Malamin dabbobi: Wannan lissafin aljihu ne, Baba, ban musa ba. In za ta yanka, ta yanka tun ba a fara ba shi magani ba, don bayan an fara sai an jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin. Amma da fakat ce, wuƙa ba ta ceton saura, rigakafi ke yi. Ga Vom nan a bayan Bukur, cibiyar binciken dabbobi tana can tun 1924, su ke yin rigakafin fakat, wato LaSota da I-2. I-2 ɗin ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Lafiyayyu ake yi wa, ban da maras lafiyan.

Maman Biyu, Rikkos: Na gwada ruwan gishirin. Wani dunƙule ya fito kamar ƙwayar dawa. Kan dai yana nan a karkace. Gobe zan kai shi a duba, zakaran yarana ne, ba za su yarda da miya ba.

Malamin dabbobi: Ko ya warke, karkatar kan tana iya daɗewa, wani ma haka zai zauna. Ki sa ido kan kashin sauran.

Ɗan Bukur: Baba, kunnen dai kun yarda akwai?

Baba na Gangare: Na kama nawa ɗazu na duba. Ramin yana nan. Amma 'yata, wuƙar kar ki ajiye ta nesa.