In koma bitbod ko in gyara jerin motsi tukuna?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina na shekarar ƙarshe injin wasan ces ne, na rubuta shi da Python. Alfa-beta, wato dabarar neman motsi mafi kyau da ke tsallake rassan bincike marasa amfani, na aiki, amma da ya kai zurfi 5, wato hangen motsi biyar a gaba, sai ya yi ta jan ƙafa. In sake rubuta shi da C++ da bitbod (ajiye allon wasan a lambobi masu bit 64, bit ɗaya ga kowane gida), ko in fara gyara yadda yake jera motsi? Lokacin kare aiki ya matso.

Injiniyan Kongo: Wa alaikumus salam. Sayi kwamfuta mai ƙarfi kawai. Akwai ta hannu a Sabon Gari, dubu 180.

Baban Ilham: Dubu 180 a ina? Ƙanina sai da ya biya 270, batirin ma ya mutu.

Hajiyar Lissafi: Ƙanina, ba kwamfuta ce matsalarka ba. Kowane matsayi na da motsi kusan 35. In motsi mafi kyau ya zo farko, alfa-beta zai yanke rassa har zurfinka ya kusa ninkawa, masana kwamfuta Knuth da Moore sun nuna haka tun 1975. Fara da motsin da ka adana a teburin matsayan da ka riga ka bincika, sai cin babban ɗa da ƙarami, kamar soja ya ci sarauniya, sannan sauran.

Tudun Wada 01: Ni bitbod ne ya kusa kashe ni. Na watsar da allon da ke aiki, na sake komai. Perft, gwajin ƙirga duk jerin motsin da za a iya yi daga farkon wasa, a zurfi 4 ya ba ni 197,281 daidai, na yi murna. A zurfi 5 ya ƙi kai 4,865,609. Ashe cin soja a wucewa (en passant, wata doka ta musamman a ces) ne ban saka ba, a zurfin nan yake fara fitowa. Ina tsakiyar nema aka kawo wuta da ƙarfi, caja ta ƙone, kwamfutar ta bi ta. Ban ajiye kwafi ko'ina ba. Sai da na maimaita shekara, wallahi har yau abin na ci mini rai.

Injiniyan Kongo: Allah ya mayar da alheri. Amma Stockfish, shahararren injin ces ɗin nan, ai bitbod yake amfani da shi.

Hajiyar Lissafi: Malam, ka taɓa rubuta injin ko karantawa kake yi? Yaron nan ba Stockfish aka ce ya kawo ba.

Na Ƙofar Doka: Ku kawo injin naku gindin bishiya, tsofaffin dara su koya masa jera motsi 😂

Ɗan Samaru: Anti, to in bar Python ɗin kenan ko a'a?

Baban Ilham: Maganar wutar nan fa. Mu a unguwarmu sai tsakar dare ake kawowa, mai shagon caji kuma ya ƙara kuɗi. A Samaru nawa ake cajin laftof yanzu?