Zan fara jan remok da Prado, waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara

Mai Garka: Salamu alaikum. Ina zaune Yamai, ƙanena ke noman albasa a gida, kusa da Tawa. Na gaji da biyan masu kamiyo duk lokacin da zan kawo kaya. Wani mai walda ya yi mini tayin remok (ƙaramar tirela da mota ke ja a baya) da ya haɗa da ƙafar tsohuwar mota 504, taya biyu, ba ta da birki, jaka 350. Ya ce a parshok, wato bamban bayan mota, zai liƙa ƙugiyar. Makanikena ya ce kul, sai dai a ɗaure ta a shasi da bulo, wato ƙusa mai noti. Motata Prado ce, otomatik, buhu 8 zuwa 10 nake son ɗauka. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Kuma motar za ta iya?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Alhaji, saida Pradon ka sayi Hilux, magana ta ƙare.

Baban Ƴan Biyu: Jaka 350? An gan ka da babbar riga ne. Tawa jaka 180 aka haɗa mini, har da fenti.

Na Katako: Yaushe ke nan? Je ka tambayi kuɗin ƙarfe yau. Taya biyu masu kyau kaɗai sun cinye rabin kuɗin da ka faɗa. Ƙasa da jaka 400 gwangwani ne.

Tsohon Direba: Ƙanena, bari in ba ka labarina ka yi abin da ka ga dama da shi. Shekara uku ke nan, ana saura mako guda Layya, na sayo raguna 9 a Badagishiri zan kai kasuwar dabbobi ta Turaku a Yamai. Irin remok ɗin nan ce, haɗin gida. Muka wuce Ƙonni lafiya. Can kafin Dogon Dutsi, a wani gangare, ina kan 90, sai na ji bayan mota ya yi sakayau. Na duba madubi, remok tana kaɗa gindi kamar wutsiyar kifi, dama, hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya. Ashe ragunan duk sun taru a baya, gaba ba nauyi. Na taka birki da ƙarfi, wanda shi ne babban kuskurena. Sai ƙara, ƙugiya ta ɓalle da guntun parshok a jikinta, remok ta bar kwalta ta kife cikin rami. Raguna uku nan take muka yanka su kafin su zama mushe, ɗaya ya karye a ƙafa, biyu suka shiga daji, har magariba muna bin sawu da yaran ƙauyen. Kuma ba duka nawa ba ne, huɗu na mutane ne da suka ba ni kuɗi tun watan azumi. Na koma wajen mai waldar da guntun ƙarfen a hannu. Ya juya shi, ya duba, ya ce ƙaddara ce. Ko ruwa bai ba ni ba. Har yau idan na bi ta gaban rumfarsa sai in kau da kai.

Hajiyar Plato: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Da sauƙi tunda ba a rasa rai ba.

Ɗan Ader: Raguna biyun nan dai sun fi kowa wayo, sun tsallake Layya.

Tsohon Direba: Yi dariya, yaro. Ban gama biyan mutane ba sai bayan damina.

Mazaunin Liyon: Mai Garka, makanikenka ne da gaskiya. Parshok ba a yi shi don ja ba, ƙugiya a shasi ake ɗaure ta. Ka sa sarƙa biyu, ka gitta su ƙarƙashin wuyan remok, in ta ɓalle su tare ta. Sannan ka yi lissafi: remok marar birki iyakarta kilo 750, har da nauyin ita kanta. Buhun albasa irin namu yana kai kilo 100, wani ya fi. Buhu 8 ka riga ka wuce, ba a ma sa ƙarfen ba. Nan Faransa in ta wuce kilo 500 sai da tata kart giris (takardar rajista) da lambarta, in ta wuce 750 dole birki. Kaya masu nauyi a gaban taya ake sa su, kamar kashi 60 cikin 100. In ta fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sosai, kada ka danne birki.

Baban Ƴan Biyu: Ga masu karatu sun iso. Malam, ka taɓa jan wani abu a hanyar Doso cikin zafin Afrilu? Ni buhu 12 nake ɗorawa, shekara huɗu, ko ƙwarzane.

Mazaunin Liyon: Yaya, gangare bai san ko a Faransa yake ko a Nijar ba.

Tsohon Direba: Ni ma shekara biyar na yi ba ƙwarzane kafin ranar nan.

Makaniken Unguwa: Ba wanda ya kula cewa otomatik ce. Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, kuma albasa da zafi take fitowa. Man buwat ɗin, wato akwatin giya, shi ne zai fara dahuwa, ba injin ba. A canza shi kafin tafiya, a hawa kada a bar ta a babbar giya. Duk inda ka tsaya ka ɗora tafin hannu a tsakiyar tayar remok. In ba ka iya barin hannun ba, rulma ce, ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ke neman giris, kada ka tashi.

Hajiyar Plato: Ku kuna ta zancen ƙarfe, ba ku gaya masa ainihin masifar ba. Ranar da remok ta kwana ƙofar gidanka, ta zama ta unguwa. Tamu ta kai kujerun biki, ta kai tukwanen suna, ta kwaso yashi. Wani ya aro ta kwana biyu, sai bayan wata ta dawo, ba fitila, taya ɗaya ba tamu ba.

Na Katako: Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Surukina ya ari tawa, ya ba abokinsa, abokin ya ba wani. A bakin kogi na gan ta ana lodin kabewa. Da na yi magana aka ce na cika rowa.

Ɗan Ader: Ni janareto na bayar tun bikin bara. Yanzu in wuta ta ɗauke, ni ke zuwa cajin waya gidansu.

Mai Garka: Na gode ƙwarai, jama'a. To in na rage zuwa buhu 5 fa, marar birkin za ta yi, ko in haƙura in nemi mai birki?

Baban Ƴan Biyu: Na Katako, surukin nan naka na wajen uwargida ne ko na amarya? Don akwai wanda ba a iya hana wa.