Baffa na riƙe da gidan gadonmu na Agege, shekara 5 ba lissafi

'Yar Agege:
Salamu alaikum jama'a. Babanmu ya rasu a 2019, ya bar gida mai ɗaki 14 a Agege da rumfar albasa a Mile 12. Mu bakwai ne, maza 3 mata 4, ga Mama. Banki ya ƙi sakin kuɗin asusunsa sai da takardar kotu, shi ne Baffa da Yaya babba suka je babbar kotun Ikeja aka ba su takardar kula da dukiyar mamaci. Tun daga ranar ko rasit ɗaya ba mu gani ba. Baffa ke karɓar kuɗin haya. In ka tambaya, yau gyaran kwano, gobe harajin gida. Makon jiya wani ɗan haya ya tsegunta min wai rumfar ma ta koma hannun wani. Mama ta ce in yi shiru, ƙanin ubana ne. Ta ina zan fara?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. 'Yata, dukiyar nan ta zama taku tun ranar da ya cika, bayan an biya bashi da wasiyya. Mahaifiyarku na da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas. Sauran a kasa gida 10, namiji biyu, mace ɗaya. Baffanku ba ya cikin magada tunda akwai 'ya'ya maza, amana kawai ya riƙe. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ce.

Ɗan Obalende:
Hajiya, Legas ba Kano ba ce, gwamnati ba ta da kotun shari'ar Musulunci a nan. Inda aka ba da takardar can za ki koma. Je sashen gado na kotun, ki nemi kwafinta da jerin kadarorin da suka rubuta lokacin nema. Ki duba ko rumfar na ciki, nan ake fara kama mutum. Daga nan lauya ya rubuta musu wasiƙa: nawa ya shigo, nawa ya fita, ina rasit. In sun ƙi, alƙali na iya tilasta su kawo lissafi, ya sa su biya abin da ya salwanta, har ya soke takardar. Amma ki sani, sunan Yayanku na kanta, ƙarar za ta haɗa da shi.

Mai Tumatir:
Kotu akwai cin kuɗi da ɗage zama. Ku fara kai Baffa gaban Sarkin Hausawan Agege, ko cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha, kyauta ce. Kafin nan ki bi 'yan haya ɗaki-ɗaki ki ɗauki hoton rasit ɗinsu a waya.

'Yar Agege:
Na gode, Allah ya saka. Maganar Yaya ce ta tsaya min a rai, wallahi ban taɓa kawo shi a ciki ba. Shi zan fara kira yau bayan isha'i.