CG125 tsohon yayi yana mutuwa da zarar ya ɗau zafi

Mai CG a Gwale:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka da shawara. Babur ne Honda CG125 na farkon fitowa, mai kwantak (ƙarfe biyu da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta), ba mai CDI (akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak) ba. Da safe kiki ɗaya yake tashi, sulo lafiya lau. Amma in aka yi tafiyar minti 10 zuwa 15 sai ya fara shaƙewa, ya yi tari sau biyu ko uku, ya mutu. Ko ƙafa za ta karye ba zai tashi ba. In an bar shi ya huce kamar minti 20, sai ya tashi kamar ba shi ba. An wanke kafireta, an sa sabon fulogi, duk a banza. Wani ya ce fistin za a canja.

Bakaniken Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka yarda a buɗe maka inji tukuna. Irin wannan ciwo ba a gano shi a gareji da inji a sanyaye. A daidai inda ya mutu ake kama shi. Ka fita da sifanar fulogi, da sukundireba, da wani fulogin mai kyau a aljihu.

Yana mutuwa, fara buɗe murfin tanki ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska "fuus", kuma babur ya tashi bayan nan, to ƙaramar ƙofar iska ta jikin murfin ce ta toshe. Mai yana sauka, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai man ya tsaya cak. Allura kawai za ta gyara wannan.

In ba shi ba ne, kwance sukurun da ke gindin kofin kafireta, famfon mai yana buɗe. Mai ya zubo ba yankewa, ba ɗis-ɗis ba. In ɗiga yake, duba rariyar famfon. Tankin da ya haura shekara 40 ba ya rasa tsatsa, ga kuma man 'yan bumburutu da wani lokaci ke zuwa da ruwa da datti. Wanke kafireta alhali tanki na cike da tsatsa aikin baban giwa ne.

Mai Wayarin:
Abin da Oga ya faɗa daidai ne, amma minti 20 ɗin nan ne ya tsaya min a rai. Da mai ne ya yanke, minti biyu zuwa uku sun isa kofin ya sake cika. Abin da ke jiran sanyi kafin ya dawo, wuta ce.

Sa fulogin aljihunka a hular fulogi (robar da ke kan wayar wuta), ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buga kiki nan take kafin ya huce. Wuta shuɗiya mai ƙara ake so. In ja ce mai rauni, ko babu gaba ɗaya, abu uku ake zargi: kwandansa (mai hana bakin kwantak ƙonewa), kwayil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi), da hular fulogin kanta. Wayar cikin kwayil siririya ce kamar gashi. In ta tsufa, zafi na buɗa inda ta tsage, sanyi ya mayar da ita. Shi ya sa mitar gwada wuta kan nuna lafiyar kwayil ɗin ƙalau da safe.

Kwandansa kuwa yakan tona asirin kansa a bakin kwantak. Leƙa ta tagar magneto (faifan da ke juyawa a gefen inji yana samar da wuta): in bakin ya ƙone ya yi rami-rami, ko kana ganin tartsatsi mai yawa in inji na aiki, kwandansan ya gama yayi. Fara da shi, ya fi araha. Goge bakin, ka saita buɗewarsa 0.3 zuwa 0.4 na milimita, ya riƙa fara buɗewa daidai alamar F da ke jikin magneto. Tazarar fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7.

Dattijon Ƙofar Ruwa:
Yara, kun manta da bawul. In tazarar bawul ta ƙare, bawul ɗin salansa yana ɗaukar zafi ya ƙara tsawo, ya kasa rufewa, matsi ya zube. Alamarsa a ƙafa take: kikin zai yi laushi in ya mutu, ya dawo da tauri in ya huce. A saita da inji a sanyaye sarai, a kan alamar T ta jikin magneto, bawul biyun a rufe, 0.08 na milimita kowanne. Masu ɗaure shi tam don kar a ji ƙas-ƙas su ke ƙona wa mutane bawul. A duba kalar fulogi ma. In baƙi ne da gawayi, ko dai ƙurar hunturu ta cika matatar iska, ko allurar kofin kafireta ba ta tsayar da mai.

Mai CG a Gwale:
Na gode ƙwarai. An gwada yau: murfi bai ja iska ba, mai na zuba sosai, kiki da taurinsa. Wuta ce babu sam, sai da ya huce ta dawo. Bakin kwantak kuma fes yake, bai ƙone ba.

Mai Wayarin:
To kwandansa ya ɗan fita daga zargi. Cire hular, ka kusanta tsurar wayar da jikin inji kamar milimita 6 yana da zafi, ka riƙe ta da tsumma busasshe. In wuta ta yi tsalle, hula ce. In shiru, ara kwayil mai kyau ka gwada kafin ka saya, kuma ka tabbatar na mai kwantak ne, don na CDI ba zai yi maka daidai ba. In da shi ma ya mutu, saura kwayil ɗin cikin magneto, wanda sai an zare magneton da abin zare shi, ba da guduma ba.